Tantance sunayen intanet: a tambayi masu rubutun kafin a yanke hukunci

A watan Mayun 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu wutsiyar adireshin intanet da haruffan Larabci, watanni kaɗan bayan hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet na duniya, ta fara karɓar takardun neman irin waɗannan sunaye a Nuwamban 2009. Bamisire ya samu damar rubuta مصر inda ya saba sa .eg. A shekarar ce kuma Bulgeriya ta koma gida hannu rabbana. Ta nemi .бг, haruffa biyu na Sirilik, rubutun da take amfani da shi sama da shekara dubu, sai masu tantancewa suka ce ya yi kama da .br na Brazil.

Tantancewar dole ce, ban musa ba. Harafin "а" na Sirilik da "a" na boko kamar an tsaga kara suke a ido, alhali a wurin kwamfuta kowanne da lambarsa. A 2017 wani masani ya yi rajistar adireshi da Sirilik zalla, ya fito sak apple.com a wasu manhajojin shiga intanet. Da ɗan damfara ne, da mutane sun miƙa masa lambobin sirrinsu da hannunsu. Wutsiyar adireshi kuwa idan ta shiga tushen intanet, wato babban jerin wutsiyoyin da duk intanet ke dogara da shi, cire ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ke damuna shi ne idon da ake dubawa da shi. Yaron Sofiya, babban birnin Bulgeriya, da ya tashi yana karanta б ba zai ɗauke shi b ba. Baƙo ne ke ganin kamar, kuma da ganin baƙo aka tsare ƙasa guda. Sai da aka kafa kwamiti na biyu mai gwada yadda mutane ke bambance haruffa a zahiri, sannan sunan ya tsallake, ya shiga tushen a 2016. Shekara shida ke nan. Girka ma ta sha irin wannan jira da .ελ.

Mu ma ranarmu na tafe. Duk lokacin da wani ya nemi suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, wanda bai san Hausa ba zai ga lanƙwasar nan tamkar ɗigon tawada ne. Bahaushe ya san ƙasa daban, kasa daban. Ina so a ce ranar akwai mai karanta Hausa a zaune cikin masu yanke hukuncin.