Gadon sarauta da alƙalamin gwamna

Shekarata bakwai ke nan a Malesiya, kuma duk sanda aka tayar da zancen sarauta a nan sai hankalina ya koma Zariya. Malesiya tana da sarakunan gado tara, su ne ke zaɓar ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa na shekara biyar, in wa'adinsa ya cika ya koma jiharsa wani ya hau. Mulki yana hannun majalisa da firaminista, amma kundin tsarin mulki ya fayyace aikin sarki da iyakarsa. A Nuwamban 2022, da zaɓe ya ƙare ba wanda ya sami rinjaye, na ga maƙwabtana sun yi kwana biyar kunnuwansu na fada, har sarki ya gana da 'yan'uwansa sarakuna ya naɗa Anwar Ibrahim firaminista, ƙura ta lafa.

Mu a gida aikin sarauta ya fi haka kusa da talaka. Ina yaro aka yi rikicin iyakar gida tsakanin mahaifina da maƙwabcinmu. Mai unguwa ya zo bayan La'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kira dattawa biyu da suka san tsohuwar katangar, ya ce: "Malam, ku da za ku ɗauki gawar juna, taku biyu na ƙasa zai raba ku?" Kafin Magariba an daidaita. Daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fada, wannan tsani shi ne har gobe ke ɗauke da sulhun aure da na gona, kuma ta kansa gwamnati ta bi kafin iyaye su amince da rigakafin shan inna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk da wannan nauyi, kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ba sarakuna wani gurbi ba. A Jamhuriya ta Farko suna da majalisarsu a Kaduna. Sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe ragowar. Abin da Turawa suka fara, da suka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suka kai shi Lokoja, shi gwamnoni suka gada. Da Allah ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa a Satumban 2020, bayan shekara 45 a karaga, gidajen sarautar Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, duk sa hannun gwamna suka jira. A Kano kuwa an tuɓe sarki a 2020, wata gwamnati ta mayar da shi a 2024. Sarkin da ya san takarda ɗaya ta isa ta raba shi da rawani, ina zai sami bakin gaya wa mai mulki gaskiya?

Ba na goyon bayan a mayar wa sarakuna da kotu ko haraji, don wanda ba a zaɓa ba bai kamata ya riƙe baitulmali ba. Abin da nake nema shi ne a rubuta a kundi yadda ake naɗa sarki, da laifin da zai sa a tuɓe shi, da wanda zai saurari ƙarar, a fitar da hukuncin daga hannun mutum ɗaya. Kariyar kuma ta zo da hisabi: tun 1993 Malesiya ta janye wa sarakunanta rigar kariya, ta kafa kotu ta musamman da za a iya gurfanar da su.