Masu motocin tsere, ku ɗaura lambar gaba

A Amurka, in mutum ya sayi sabuwar Corvette ko Porsche 911, akwai roƙon da yakan yi wa dila tun kafin a miƙa masa makulli: don Allah kada a huda bamba. A jihohin da doka ta ce sai da lamba gaba da baya, yaran dila sun saba ɗauko injin huji su kafa mariƙin lamba a tsakiyar hancin motar ba tare da sun tambayi kowa ba. Mai mota kuwa in ya zo ya tarar an yi haka, ransa yakan ɓaci kamar an yi wa amaryarsa tsaga a fuska ba da saninsa ba. Da yawa daga cikinsu sun gwammace su jefa lambar a but, su hau titi da gaban mota fayau, in an kama su su biya tara.

Ina ganin wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma dokar lambar gaba ta cancanci a kare ta. Amma ƙorafin masu motocin ba na banza ba ne, sannan ita kanta dokar tana da wani tabo da ya fi nasu ƙorafin nauyi nesa ba kusa ba.

Amurka ba ta da doka guda a kan wannan batu, kowace jiha da tata. Kalifoniya, Teksas, Niyok da Ilinoi suna cikin masu cewa sai biyu. Jihohi sama da 20 kuwa lambar baya kaɗai suke bayarwa, cikinsu har da Fulorida, Jojiya, Fensilbaniya, da Mishigan inda manyan kamfanonin motocin ƙasar suke da hedikwata, da Kentaki inda ake harhaɗa Corvette ɗin a garin Bowling Green. Yawan waɗannan jihohi ƙaruwa yake yi: Ohayo ta soke lambar gaba daga 1 ga Yuli 2020, Alaska ta bi baya a 2022, Yuta kuma daga farkon 2025. Dokar jihar da aka yi wa mota rajista ita ke binta duk inda ta je, don haka a titi ɗaya a birnin Dalas na jihar Teksas za ka ga motar Okalahoma ba lambar gaba tana tafiya lafiya lau, ta kusa da ita mai rajistar Teksas kuwa tana cikin laifi. Wanda ya ga haka dole ya tambayi kansa ko dokar tana da wani amfani.

Ga kuma matsalar ƙira. Tun 1956 aka daidaita girman lambar Amurka a kan inci 12 a faɗi, inci 6 a tsaye. Wannan faranti ya dace da gaban tsofaffin motoci masu faffaɗan bamba na ƙarfe. Motar tsere ta zamani kuwa hancinta a sunkuye yake, siriri, kusan yana shafar ƙasa, kuma kusan duk abin da ke wurin yana da aiki. Porsche 911 injinta a baya yake, amma lagiretocinta suna gaba, ta nan suke shaƙar iska. Corvette da aka fara sayarwa a 2020 ma an mayar da injinta bayan direba, an bar lagireto a gaba. Ƙari a kan haka, yanzu cikin bamba ake ɓoye na'urorin da ke auna tazarar motar da ke gabanka, da masu ƙara in ka kusa gogar bango wajen fakin. In aka ɗaura lamba ba bisa lura ba, tana iya tare iska ko ta ruɗa na'ura ta yi ta kuka ba dalili. Huji a bamba kuma ba ya komawa sai da cikon fenti, kuma mai saye na biyu yana duba wannan. Duk waɗannan gaskiya ne.

Sai dai in ka saurari masu motocin da kyau, ba iska ce ke damun yawancinsu ba, kyau ne. Shi ya sa dabarun da suke yi ba na kare lagireto ba ne, na kauce wa ido ne. Wani ya jingina lambar a jikin gilashin gaba daga ciki, duk da cewa tun 2010 babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta Teksas ta yanke cewa wannan bai wadatar ba, sai lamba ta kasance a can gaban mota. Wani ya sayi mariƙi mai ninkewa wanda ke shigewa ƙarƙashin bamba in an danna maɓalli. Wani kuwa lissafi kawai yake yi. A Teksas tarar ba ta wuce dala 200. A Kalifoniya laifi ne da ake iya gyarawa: ka ɗaura lambar, jami'i ya sa hannu, ka biya dala 25, a rufe magana, wasu kuma da sun isa gida su sake kwance ta. Ga wanda ya iya sayen motar dala dubu ɗari, wannan kuɗin bai kai ya hana shi barci ba. Ya mayar da tara wani ƙaramin haraji da yake biya don ya sayi izinin karya doka.

Abin da wannan lissafi ya manta shi ne, ba don mai mota aka yi lambar ba. An yi ta ne don wanda ke wajen motar. Mutumin da ke tsallaka titi gaban mota yake gani. Kyamarar shago, da ta ƙofar gida, da ta gidan mai, sau da yawa motar da ke tahowa suke kallo. Direban da aka goga aka wuce, ta madubi yake hangen wanda ya biyo shi a guje. Ɗan sandan da aka ba cigiyar motar da aka sace yaro da ita, yawancin motocin da zai gani a hanya masu tahowa ne ta ɗaya hannun, kuma in babu lamba a gabansu sai ya juya ya bi kowace kafin ya san ko ita ce. Gidauniyar binciken haɗurra ta ƙungiyar direbobi ta AAA ta ƙirga mutum 2,049 da suka mutu a 2016 a haɗurran da direba ya buge ya gudu, kuma mafi yawansu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke. A irin wannan bincike, harafi biyu ko uku da wani mai wucewa ya iya riƙewa su ne sukan kai ga mai laifi. Cire lambar gaba yana rage wannan dama, kuma motar da ta fi kowace saurin ɓacewa daga wurin haɗari ita ce mai ita ya fi son a ɗauke masa wannan doka.

Karolina ta Kudu ta koyi wannan ta hanya mai ciwo. A watan Maris 2019, wata ɗaliba mai shekara 21, Samantha Josephson, ta shiga wata mota da dare a birnin Kolumbiya a zaton motar hayar Uber da ta kira ta waya ce, direban ya kashe ta. Jihar ba ta ba da lambar gaba, saboda haka mai jiran mota ba shi da yadda zai gwada lambar da ke wayarsa da ta motar da ta tsaya, sai ya zagaya baya. Cikin watanni majalisar jihar ta yi doka mai ɗauke da sunanta, wadda ta tilasta wa direbobin irin wannan haya su nuna lambarsu a gaban mota. Wato jihar da ta ce lambar gaba ba dole ba ce, da kanta ta dawo da ita ta wata ƙofar da rai ya salwanta.

Akwai hujja ɗaya da ta fi ƙarfin a ture ta gefe, kuma ba daga masu Porsche ta fito ba. Ranar 19 ga Yuli 2015, a birnin Sinsinati na jihar Ohayo, wani ɗan sandan jami'a mai suna Ray Tensing ya tsayar da Samuel DuBose, baƙar fata mai shekara 43, saboda tsohuwar Honda Accord ɗinsa ba ta da lambar gaba. Cikin 'yan mintoci ya harbe shi a ka. Sau biyu ana gurfanar da Tensing, sau biyu masu taya alƙali yanke hukunci suna kasa cim ma matsaya, daga baya aka janye tuhumar a 2017. Tun 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa ɗan sanda ya tsayar da mota a kan ƙaramin laifin hanya ko da ainihin niyyarsa binciken wani abu ne daban. Rashin lambar gaba ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da suka fi sauƙin samu. Da majalisar Ohayo ta soke lambar a cikin kasafin sufuri na 2019, mutuwar DuBose tana cikin abin da wasu 'yan majalisar suka kafa hujja da shi, duk da cewa ƙungiyoyin 'yan sanda da shi kansa Gwamna Mike DeWine sun so a bar ta.

A ajiye wannan kusa da labarin Steve Jobs na kamfanin Apple, wanda ya yi shekaru yana yawo a Kalifoniya cikin Mercedes SL55 ba lamba gaba ba lamba baya. An sha ruwaito cewa sabuwa yake karɓa haya duk wata shida, domin dokar jihar a lokacin ta ba sabuwar mota wa'adin wata shida kafin a ɗaura mata lamba. Sai a 2019 jihar ta fara tilasta lambar wucin gadi tun daga wurin dila. Doka iri ɗaya ce, amma attajiri ya bi ta gefenta mutane suna ba da labarin abin cikin sha'awa, talaka kuwa ya rasa ransa a kanta. Duk mai motar tsere da ke cewa tara ba komai ba ce, ya sani cewa a wurinsa ne kawai ba komai ba ce.

Duk da haka ina ganin Ohayo ta ba da maganin da ba na cutar ba. Abin da ya kashe DuBose shi ne tsarin da ke sa mutum mai bindiga ya tare hanya saboda farantin ƙarfe. Gyaransa shi ne a daina tsayar da mota a kan wannan laifin shi kaɗai. Motar da ba ta da lambar gaba tana da ta baya, ana iya liƙa mata takardar tara inda aka ajiye ta, ko a aika wa mai ita ta gidan waya, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi fakin ba daidai ba. Hakan ma zai fi kama masu tsadar motoci, domin jami'in fakin ba ya zaɓen fuskar direba. Haka nan masu tsoron kyamarorin da ke karanta lambobi suna adana inda kowa ya je, damuwarsu tana da tushe, amma lambar baya ma karanta ta ake yi. Wannan sai dokar da za ta ƙayyade wanda zai ga bayanan da tsawon lokacin da za a riƙe su.

Wasu jihohin sun bi hanyar sassauci, kuma ban gamsu da ita ba. Nebada ta yafe lambar gaba ga motar da kamfani bai yi mata wurin ɗaurawa ba. Nebraska ta ba irin wannan motar damar biyan wani kuɗi duk shekara a liƙa mata sitika a gilashi a madadin lamba. Wace mota ce ke fitowa ba wurin lamba? Galibi mai tsada. Ashe an rubuta gatan mai kuɗi cikin doka ke nan, an kuma gaya wa kamfanoni cewa in suka ƙi yin mariƙi, abokan cinikinsu ne za su ci riba.

Alhali kamfanonin sun san yadda ake yi. Porsche ɗin da ake kuka a kanta a Los Anjalis, a Jamus aka ƙera ta, inda ba wanda ke tunanin hawa titi ba lambar gaba. A Birtaniya tarar rashin nuna lamba yadda ya kamata tana kaiwa fam 1,000, motar kuma ba za ta ci gwajin lafiyarta na shekara ba. Alfa Romeo ta daɗe tana matsar da lambar zuwa gefe guda don kada ta rufe garkuwar da ke hancin motocinta, har abin ya zama alamar da ake gane ta da ita. Jaguar E-Type ta shekarun 1960 kuwa liƙa mata lambar ake yi a kan boneti. Gaskiya ne lambar Turai doguwa ce siririya, milimita 520 da 110, ta fi ta Amurka dacewa da sunkuyayyen hanci. To wannan ai hujja ce ta a gyara siffar lamba. Kalifoniya ta riga ta nuna hanya: bayan gwajin shekaru, dokar da ta yi a 2022 ta tabbatar da izinin lambar gaba ta sitika, wadda ake liƙawa ta bi lanƙwasar bamba, ba huji ba sukuru, kuma ana karanta ta kamar ta ƙarfe.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Motoci da yawa da ake shigowa da su Nijeriya ta Legas da Kwatano daga Amurka suke, wasu daga jihohin lamba ɗaya, kuma dokarmu biyu ta sani. Sannan mun san manyan da ke lulluɓe lambarsu da baƙar fata suna wucewa ta gaban jami'an hanya ba mai ɗaga musu hannu. Tunanin ɗaya ne da na mai Corvette da ya jefa tasa a but: wai sauran mutane ne ya kamata a iya ganewa.

Mai motar tsere da ke zaune a jihar lamba biyu yana da mafita tun yau, ba sai ya jira majalisa ba. Ya gaya wa dila a rubuce kada a huda. Yawancin motocin Turai suna da rami a bamba inda ake murɗa ƙugiyar janwe, kuma ana sayar da mariƙin lamba da ke shiga wannan ramin, a kwance shi in an je filin tsere, a mayar kafin a fito titi. Akwai kuma masu kama ƙasan bamba ko ragar iska ba tare da huji ba. Bayan an ɗaura, ya gwada na'urorin fakin da na auna tazara, in suna kuka ya matsar da lambar kaɗan zuwa gefe. In a Kalifoniya yake, ya nemi ta sitika ta hannun kamfanin da hukumar rajistar motocin jihar ta amince da shi, domin wadda mutum ya buga da kansa ba ta da matsayi a doka.