Ɗakin da ya yi kyau a Suwidin ba lallai ya yi kyau a ƙasar rana ba

Yawancin hotunan da ake tura wa kafinta da mai fenti a waya, a ce "irin wannan nake so", a ƙasashen sanyi aka ɗauke su. Farin bango tas, katako mai haske a ƙasa, labule shara-shara, kujera ruwan toka mai siraran ƙafafu. A arewacin Turai nake zaune, inda wannan salo ya fito, kuma a ganina ba don kyau kaɗai aka ƙirƙiro shi ba. Ƙarancin rana ne ya haife shi. A Sitokholm, babban birnin Suwidin, a watan Disamba, rana ba ta wuce kusan awa 6 a sama, ita ma a karkace take, can gefen gari. Dole mutum ya yi farin bango don ya riɓanya ɗan hasken da ya samu, ya bar taga ba labule mai kauri, ya shimfiɗa katako da ulu don ƙafa ta ji ɗumi. Duniya ta san salon ne sosai bayan wani baje koli na kayan ƙasashen Sikandinabiya, wato Suwidin da maƙwabtanta, da ya zaga Amurka da Kanada daga 1954 zuwa 1957, sannan kamfanin kayan ɗaki na IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya kai shi gida-gida.

To a ƙasar zafi lissafin a juye yake. Haske ya yi yawa, zafi ke biyo shi, ƙura kuma tana bin iska. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya kamata a aro daga mutanen sanyi shi ne yadda suke tunani kafin su sayi komai. Kayan da suke saya kuwa, sai an tace.

Mu fara da haske, domin shi ke yanke hukunci a kan kowane launi. Mutumin nan yana neman hanyar jawo rana ciki, mutumin ƙasar zafi yana neman hanyar tace ta. Kusa da tsakiyar duniya rana na bi ta saman kai da tsakar rana, saboda haka tagar kudu ko ta arewa ba ta da wuyar karewa, ɗan rufin da ya fito waje ya ishe ta. Tagar gabas da ta yamma su ne masu wahala, musamman ta yamma, wadda rana ke shigowa ta cikinta kai tsaye da la'asar lokacin da bango ya riga ya ɗauki zafi. Irin wannan taga labule biyu take so: mai shara-shara na safiya, da mai kauri wanda aka yi wa shafi mai haske a baya don ya mayar da rana waje. Labule mai duhu marar shafi yana shanye zafin ne ya sake shi cikin ɗaki, kuma nan da nan launinsa ke koɗewa. Mutanen Alƙahira sun daɗe da warware wannan da tagar katako mai huda-huda wadda ake kira mashrabiyya: iska ta shiga, haske ya shiga a tace, na waje bai ga na ciki ba. A wajena ta fi labulen Suwidin dacewa da ƙasar rana nesa ba kusa ba.

Da dare kuwa, gaskiya mutanen sanyi sun fi iya haske. Ba za ka shiga falo ka tarar da ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar silin yana haska komai kamar ɗakin jira ba. Suna raba hasken gida uku: na ɗaki gaba ɗaya, na aiki kamar karatu ko girki, da na fito da wani abu kamar hoto ko shuka. Falo mai faɗin murabba'in mita 20 yana bukatar lumen 2,000 zuwa 3,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), amma a raba shi wuri uku ko huɗu, wasu a tsayin kai idan an zauna. Ƙwan LED mai lumen 800 daidai yake da tsohon ƙwai mai wat 60, sai ka lissafa. Akwai kuma lambar da ake rubutawa da harafin K a jikin kwalin. 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗumi, mai ɗan ruwan zuma, na falo da ɗakin barci. 4000 ya fi dacewa da kicin da banɗaki. 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana sa fatar mutum ta yi toka-toka, yana kashe jan launi da ruwan ƙasa. Na san masu cewa farin haske yana sa a ji ɗaki ya yi sanyi, kuma ba ƙarya suke yi ba, amma 4000 ya isa haka. Abin da ba shi da kyau ko'ina shi ne haɗa mai ɗumi da mai shuɗi a ɗaki ɗaya. Sai kuma wani kuskure da hoton Turai ba zai nuna maka ba, tun da su ba su cika sa fanka ba: idan fitilar cikin silin ta kasance daidai saman fukafukan fanka, haske zai riƙa walƙiya a ɗakin har kai ya yi ciwo. A matsar da fitilun waje da da'irar fukafukan.

Maganar silin ta kawo mu kan tsawo. Gidajen nan da yawa silinsu bai wuce mita 2.4 zuwa 2.5 ba, don ƙaramin ɗaki ya fi saurin ɗumi. A ƙasar zafi tsawo alheri ne, domin iska mai zafi sama take tashi. Duk wanda ya sauko da silin da santimita 30 ko 40 don a yi masa hawa-hawa na ado da fitilu masu launi, ya sayar da sanyin ɗakinsa ne. Fukafukan fanka kada su sauko ƙasa da mita 2.1 daga daɓe, kuma idan sun kai 2.4 ya fi.

Launi. Akwai ƙa'idar da masu sana'ar ke amfani da ita: kashi 60 babban launi, wato bango da manyan wurare, kashi 30 na biyu, kamar kujeru da labule, kashi 10 mai jan ido, kamar filalla da hotuna. Ba wahayi ba ce, amma tana hana ɗaki zama kasuwar launuka. Inda aka bambanta shi ne ƙarfin launin. A hasken arewa mai rauni, ɗan launi kaɗan yana fitowa. A rana mai ƙarfi, launi mai haske yana wankewa, fari zalla kuma yana kashe ido, ga shi yana tona kowace ƙura. Ruwan madara, ruwan yashi, ja irin na gasasshiyar ƙasa, kore mai duhu-duhu, sun fi zama daram. Shi ya sa gidajen Maroko da Meziko ke ɗaukar launuka masu nauyi ba su yi muni ba. Ruwan tokan da ya cika gidajen Turai a shekarun baya, ko a nan an fara gajiya da shi, don a ɗakin da ke fuskantar arewa sai ya koma kamar siminti. Kafin a sayi bokiti, a shafa gwaji mai faɗin aƙalla rabin mita a bango biyu daban, shafi biyu, a duba da safe, da la'asar, da dare a ƙarƙashin fitila. Ɗan katin da ke shagon fenti ba ya faɗin gaskiya.

Shi fentin ma kala-kala ne wajen sheƙi. Marar sheƙi yana ɓoye kumburi da lotsawar filasta, amma ba ya son goga. Mai ɗan sheƙi yana wankuwa, shi ne na baranda, kicin da ɗakin yara. Mai sheƙi sosai na ƙofa ne da katakon gindin bango. Turawa na son marar sheƙi ko'ina saboda bangonsu allon jibsin ne mai santsi kuma ƙura ba ta dame su ba. Inda za a riƙa goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, mai ɗan sheƙin ya fi. Sai dai duk yadda sheƙi ya ƙaru, haka aibin filasta ke fitowa, musamman inda haske ke zuwa ta gefe, don haka a gyara bangon tukuna. Lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 5, tsawo mita 3, bangonsa murabba'in mita 54 ne. Cire kusan 6 na ƙofa da tagogi, saura 48, shafi biyu 96, ke nan kusan lita 10. Fentin da ke ɓarewa ko yake fitar da farin gishiri, galibi ba laifin fentin ba ne. An shafa shi ne a kan sabuwar filasta da ba ta bushe ba. A ba ta kamar mako 4, a sa fentin share fage mai jure kaifin siminti, sannan a ɗora na sama. Idan kuma laima daga ƙasa take tasowa ko bututu ke yoyo, ko sau nawa aka shafa zai sake ɓarewa.

A nan dole in yaba wa Maroko. Suna da filastar farar ƙasa da ake kira tadalakt, wadda ake gogewa da dutse mai santsi, a shafe ta da baƙin sabulun zaitun har ta daina shan ruwa. Masu kuɗin Turai yanzu ita suke nema a banɗakunansu. Farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, kuma kaifinta na hana funfuna.

Daɓe shi ne inda kwaikwayo ya fi jawo asara. Kafet daga bango zuwa bango, irin na gidajen Ingila, don ɗumi aka yi shi. A ƙasar ƙura ma'ajiyar datti ce da ba a iya ɗagawa a kakkaɓe. Katakon roba mai kamar itace, wanda cikinsa garin katako ne da aka matse, yana kumbura da zarar ruwa ya shiga mahaɗarsa, kuma ba ya komawa. Wanda ya nace sai shi, ya bar shi a ɗakin awa 48 kafin a shimfiɗa, a kuma bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a gindin bango, in ba haka ba zai tashi a tsakiya. Tayil ya fi dacewa da zafi, tare da ƙaramin kafet da ake iya fitarwa. Nau'in fosilin ba ya shan ruwa sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa ya fi ƙarko. A banɗaki a duba lambar santsi, R10 ko R11, kada ƙyalli ya ruɗi mutum, don tayil mai sheƙi da ruwa a kai karaya ce. A ƙara kashi 10 a kan awo saboda yanka da fashewa, a saya lokaci ɗaya mai lambar gashi ɗaya, domin launin na ɗan sauyawa daga gashi zuwa gashi. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakani, kuma kada a cike ta da farin siminti a ƙasa, baƙi zai yi.

Kujeru ma haka. Fatar roba tana sheƙi a shago, amma zafi da gumi na sa ta tsattsage ta riƙa ɓarewa. Karan-miski yana riƙe ƙura. Auduga mai kauri ko lilin, da riga mai zif da za a cire a wanke, sun fi. Soson mazauni ya kai nauyin kilo 30 zuwa 35 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, ƙasa da haka zai lotsa da wuri.

Abin da nake so a kwaikwaya ba tare da canji ba shi ne awo. Mutanen nan ba sa sayen kujera sai sun auna ɗaki, sun auna ƙofar da za ta shiga, wasu har su manna tef a ƙasa su ga wurin da za ta ci. Ƙarancin wuri ne ya koya musu, amma awon na kowa ne. Hanyar wucewa santimita 75 zuwa 90. Tsakanin kujera da teburin tsakiya 40 zuwa 45. Tsakiyar hoto ya zauna 145 zuwa 150 daga ƙasa, wato daidai ido, ba can kusa da silin ba inda sai an ɗaga wuya. Fitilar da ke reto a kan teburin cin abinci, 75 zuwa 90 daga saman teburin. Kafet ya yi girman da aƙalla ƙafafun gaba na kujeru za su hau kansa, domin ƙarami a tsakiya yana ƙanƙantar da falo. Sandar labule a ɗaga ta santimita 10 zuwa 15 sama da taga, ko ma kusa da silin, ta zarce 15 zuwa 25 a kowane gefe, yadin kuma ya ninka tsawon sandar sau biyu. Taga mai santimita 150 tana son sanda kusan 190 da yadi kusan 380. Wanda ya yi rowar yadi, labulen zai tsaya a miƙe ba lanƙwasa.

Ba komai nasu ne abin koyi ba. Haɗe kicin da falo ba bango, wanda ake yayi a nan, yana kawo ƙauri da ƙarar tukwane har kan baƙo, kuma maiƙo na sauka a labule. Yawancin sif da kantocin da ake haɗawa da kusoshi a gida, na garin katako, ba sa jure tashi daga gida zuwa gida, don ramin kusar na faɗaɗa. A wurin da laima ke da yawa ma sun fi saurin lalacewa. Katako na gaske da aka busar da kyau ya fi su, kuma a bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakanin bayan sif da bangon waje don iska ta ratsa. Doguwar sif ko durowa kuwa, musamman a gidan da ke da yara masu hawa, a ɗaure ta da bango da ƙarfe da kusa tun ranar da aka kafa ta.