Kanun labarin nan ya yi zafi da yawa

Kun ce zuwa sararin samaniya na canza ƙwayoyin halittar mutum, amma da sauran magana. Ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sama, abokin tagwaicinsa Mark yana ƙasa, hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta gwada su. Yadda ƙwayoyin halittar Scott ke aiki ne ya sauya, galibi kuma ya daidaita bayan saukowarsa. Game da Rayyanah Barnawi kuwa, 'yar sama jannatin Saudiyya, mu nan Jidda tsakar dare muka kalli tashinta a 2023, ɗiyata na ta tafa hannu. Amma kimanin kwana goma kacal Rayyanah ta yi a sama. Radiyeshin, wato haskoki masu cutar da jiki da ke sararin samaniya, shi ne ke tsorata ni: mai zuwa duniyar Mars da zai shekara yana shansa, me zai gadar wa 'ya'yansa?