Gidan Kanta ne tarkace?

Tun jiya maganar yaron nan take ci mini rai. Waɗanda muka je Argungu tare sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Mun tsaya a ƙofar gidan tarihi na Kanta, kowa na saukowa daga mota, shi kuwa ya kishingiɗa yana latsa waya, ya ce mu shiga mu fito, shi ba zai ɓata lokacinsa wajen kallon tarkace ba.

Tarkace fa ya ce!

Gidan nan Sarkin Kabi Yakubu Nabame ne ya gina shi. A ciki sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, kuma kaburburan sarakuna na nan ciki. Sunan da yake ɗauke da shi na Muhammadu Kanta ne, mutumin da ya ƙi bin Askiya na Songhai, ya gina birnin Surame. Wannan ne ɗan da ya yi digiri yake kira tarkace, alhali shi ne bara ya cika mana Facebook da hotunan gidan tarihin Landan.

Na tsaya gaban wani takobi na kasa matsawa. Kuben ya bushe, fatar ta tsattsage, ƙotar ta yi sumul saboda riƙo. Tafin hannun wani ne ya cinye ta haka, wani da ya fita da asuba bai san ko zai dawo ga iyalinsa ba. Ga masu, ga baka da kwari, ga tambura. Dattijon da ya zaga da mu yana jero sunayen sarakuna da ka, kamar yana kiran 'ya'yan cikinsa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Na san za a ce ai akwai layu a ciki. To sai me? Kallon laya ba ɗaura ta ba ne. Wani zai ce ginin tsoho ne. Ai tsufan muka je gani. Raini ne kawai, raina abin gida, kuma a gida ake koyonsa: yara nawa aka taɓa kamawa da hannu aka kai su? Dubban mutane na cika bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, nawa ne cikinsu ke leƙa gidan nan? Abin da ka kira tarkace yau, ɗanka ba zai ma san sunansa ba.

Wannan ya tuna mini da akushin kakata. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, aka jefa shi bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki har ya tsage. Don Allah, wa ya san inda har yanzu ake sassaƙa akushi na gaske, baƙi mai murfi? Ina neman ɗaya, ko nawa ne.