Kai da ka bar sigari jiya, ka ji abin da jikinka zai yi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasan Damagaram. Maganata yau da wanda ya yi niyyar barin sigari ne, ya yar da kwali da ashana, bayan kwana biyu kuma ya koma wurin mai tebur yana cewa jikinsa ya ƙi. Daga Birni har Kara-Kara, ba fadar hirar matasa da ba a jin wannan magana: "Wallahi da na bari, rashin lafiya na yi." Ban ƙaryata ka ba, ɗan'uwa. Ciwon kan da ka ji gaskiya ne, jirin ma gaskiya ne. Sai dai wannan wahala tana da ranar farawa, tana da ranar ƙarewa, kai kuma ka koma ne a daidai lokacin da ta kai ƙarshen ƙarfinta.

Abin da ke riƙe da kai sinadarin nikotin ne. In ka zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, bayan kamar awa 2 kuma rabinsa ya bar jini. Shi ya sa kara ɗaya ba ya kai ka ko'ina sai ka nemi wani. Duk mai shan taba da ke azumi ya san yadda la'asar take yi masa, kai ya yi nauyi, magana kaɗan ta zama faɗa. To wannan ne somin-taɓin. In ka bari gaba ɗaya, abin yana farawa tun ranar farko, ya tsananta a kwana na 2 da na 3, daga nan ya riƙa sauka, yawanci cikin sati 2 zuwa 4.

A waɗannan kwanaki za ka yi saurin fushi, ka kasa tattara hankali wuri ɗaya. In kai ɗan kabu-kabu ne, ka rage gudu, don hankalinka ba ya tare da kai kamar kullum. Barci zai yanke maka tsakar dare. Ciki yana iya ɗaurewa, ka kwana biyu ba ka zaga ba, maganinsa shan ruwa da yawa, da ganye irin su zogale da rama, da tafiya a ƙasa. Yunwa kuwa za ta taso maka sosai, abinci ya fara yi maka daɗin da ka manta da shi, domin hanci da harshe sun farfaɗo. Wasu har ƙuraje suke yi a baki.

Tari ne ya fi tsorata mutane. Mutum ya ce, da ina sha ba na tari haka, yanzu na bari ga majina. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan siraran gashi da aikinsu share datti, hayaƙi ne ya kashe musu jiki shekara da shekaru. Da ka bari sai su tashi su kama shara, abin da suka sharo shi kake tofarwa. Tun awa 12 da karanka na ƙarshe gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau ta sauka, ko da kai ba ka ji a jikinka ba.

Ga wadda na fi so a kula da ita, don mu mutanen shayi ne. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin ƙone sinadarin da ke hana barci, wanda ke cikin shayi da Nescafé da goro. Cikin 'yan kwanaki da barin taba, hanta za ta daina wannan saurin, sai ƙaramin kofin da ka saba sha ya yi maka aiki kusan ninki biyu. Ka zauna a fada bayan isha'i, ka sha na farko mai ɗacin nan, ka bi da na biyu da na uku, ka ƙara da goro don ka toshe baki, sannan ka kwana ido biyu, zuciya na bugawa, hannu na rawa. Da safe ka ce rashin sigari ne. Rabin laifin na buta ne. Ka rage shayin zuwa rabi a satin farko, daga la'asar kuma ka haƙura da shi.

Ita kuwa sha'awar, in ta taso ji kake ba za ta tafi ba sai ka kunna, alhali mintoci kaɗan take yi ta lafa. Tashi daga inda kake zaune, sha ruwan sanyi, sa asuwaki a baki, ko aya, ko dabino, yi alwala. Don Allah kada ka ce za ka sauya ta da shisha ko tabar gari da ake sawa a baki da kanwa, nikotin ɗin ne dai a ciki. Wanda kuma ya ba ka tramol wai don jikinka ya saki, ba masoyinka ba ne. In abin ya fi ƙarfinka, ka je likita ka yi bayani, akwai magungunan da ake taimaka wa mai bari da su, ba abin kunya ba ne.

Amma ba kowane ciwo za a ɗora wa barin taba ba. Tari da jini, tarin da ya wuce sati 2 tare da rama da gumin dare, ciwon ƙirji mai matsewa, numfashi na yankewa, ko baƙin cikin da ya kai mutum ga tunanin cutar da kansa, waɗannan ba a jiran su wuce. A je likitar unguwa ko babban asibitin Zinder a ranar.

Ku kuma abokan zama, ku ji tsoron Allah. Mutum ya kwana uku yana fama, idonsa ya yi ja, sai wani ya miƙa masa guntu yana cewa "ja ɗaya kawai, kanka ya sauka". Ja ɗayan nan ne yake mayar da mutum inda ya fito. In ba za ku bari tare da shi ba, ku matsa gefe in za ku kunna, in ya yi muku tsawa ku ƙyale shi, ku ba shi wata ɗaya.