Dokin mai baki ya fi gudu

Ni dai ban kira suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Akwai wani bawan Allah a garin nan namu na Jos, bara warhaka ko yadda ake zura fim a kyamara bai sani ba, bana ya zama malami. Wai in ba ka sa fim ɗin Delta 3200 ba (lambar nan ƙarfin fim ce wajen kama haske), ba za ka tsayar da doki yana gudu a hoto ba. Wai masu amfani da fim mai lamba 400 an bar mu a baya. To madalla.

Mun gan shi a filin polo da azahar, rana tsaka, ya ɗura 3200 a tsohuwar kyamarar da iyakar saurin ɗaukarta 1/1000 na daƙiƙa. Malam, ina za ka kai hasken nan? Ka tsuke ƙofar gilashi har ƙarshe, har yanzu ya yi maka yawa. Mu da fim ɗinmu HP5 mai 400, a 1/1000 da ƙofar gilashi a f/11, sai da muka kama ƙurar kofato a iska, da sandar mahayi a sama, da jijiyar wuyan doki. Shi kuma nagatif ɗinsa ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ce laifin mai wanki ne.

Abin da bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya, lambar da ke jikin kwali ba ita ce ainihin ƙarfin fim ɗin ba. Ilford, kamfanin da ke yin sa, da kansu sun ce Delta 3200 ƙarfinsa na gaskiya wajen 1000 ne, a wurin wanki ake tura shi, wato a ƙara masa lokaci a ruwan magani, ya kai 3200. Haka T-Max P3200 na Kodak, wanda aka daina yi a 2012 aka dawo da shi a 2018. Irin waɗannan na duhu ne, lokacin da magariba ta kawo jiki ana ƙarasa ƙwallo a filin Rwang Pam. Ko a nan ma, ni na fi son in sa Tri-X na Kodak ko HP5, masu 400, in ɗauka da su a 1600, in ƙara masa lokaci a ruwan magani. Inuwa za ta ɗan toshe, tsaki-tsakinsa ya ƙaru, na yarda. Amma na san abin da na sayar da abin da na saya.

Af, wai tsaki-tsakin nan ne ma yake yi wa hotunana dariya a kai, yana cewa kamar an watsa gero. Tri-X tun 1954 'yan jarida ke ɗaukar yaƙi da dambe da shi, da geron nasa da komai.

Sai maganar wanki. Lokutan da ke rubuce a takardar magani, na ruwa mai digiri 20 ne. Wanda ya kwana a Jos cikin Disamba ya san ruwan famfo da asuba ko alwala sai an daure. Mutumin naku ya kwarara shi haka, ba ma'aunin zafi, ya ƙirga mintocinsa kamar yana Legas. Fim ya fito fayau, babu komai a inuwa. Wannan karon kuma wai kamfanin ne ya rage inganci.

Na ji an ce yana neman wanda zai ara masa ma'aunin zafi a ɓoye. Nawa yana nan a shago, a kan kanta. Ya aiko yaro, ba zan tambayi wanda ya aiko shi ba.